Mai Karɓar Gaisuwar Hajiya Azumi

"Ɗauke mini cokalin nan daga fuska," in ji Hajiya Azumi. "Magana nake so mu yi, ba kunu ba."

Zulaihatu ta ajiye kofin a kan taga. Ƙarar tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, da ƙwanƙwasar mai sayar da tukunyar gas suna hawowa daga lungun unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira har cikin ɗakin. Tsohuwar ta rame, ƙashin wuya duk a waje, amma bakin nan nata, wallahi ciwo bai rage komai a cikinsa ba.

"In na tafi, irin na Misrawa za a yi mini. A kafa rumfa a lungu, a jera kujeru. Kin san yadda suke yi, ɗan mamaci ke tsayawa a bakin rumfa, duk mai shiga sai ya ba shi hannu. To ni ban haifa ba. Al'amin ne zai tsaya."

Al'amin ɗan Zulaihatu ne na fari, shekararsa sha bakwai. Bara ya same ta a kicin, ya faɗa mata da rawar murya cewa shi zuciyarsa ba wajen mata take zuwa ba, wajen maza take. Ta yi kuka, ta kai wa mijinta Abdulwahab zancen, wai ko zai yi wa yaron addu'a. Shi kuwa ya nuna masa ƙofa. Hajiya Azumi, Bahaushiyar Sudan da ke hawan da ke samansu, ta tarar da yaron zaune a matakala, ta ce, "Yalla, tashi," ta wuce da shi. Tun daga ranar uba da ɗa suke giftawa a matakala ba ko sallama.

Kowa ya san falon Hajiya. Duk Alhamis da la'asar cike yake da samari da 'yan mata na Hausawan Alƙahira: wanda ya daina magana, wadda ta daina cin abinci, wanda ƙwaya ta kama. Iyaye mata su ma suna hawowa a ɓoye. Ba ta wa'azi. Ta dafa shayi mai na'ana'a, ta ce, "To, ina ji." Wanda ya fi ƙarfinta ta saka shi a jirgin ƙasa na metro zuwa unguwar Dokki, wurin wani likita, Dakta Ayman, wanda ke sauraro kuma ba ya kai zance gaba. Can ta kai Al'amin lokacin da ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta.

"Hajiya, wulaƙanta shi za su yi," in ji Zulaihatu.

"Yanzu me suke yi masa, girmamawa? Ke dai tsoro ne ke damunki, kuma ban ga laifinki ba. Amma ni na gaji da ɓoye yaron nan kamar kayan sata. Shi ya yi mini jinya, shi ya kwashe amaina. Shi zai tsaya, halas, magana ta ƙare."

Ranar Talata bayan azahar Hajiya Azumi ta cika, kanta a kan hannun Al'amin yana laƙƙana mata kalmar shahada. Aka yi mata sutura, aka kai ta. Washegari da la'asar aka kafa rumfar a ƙofar bene, mai jan zane da shuɗin ado, aka kunna karatun Alƙur'ani.

Mata suna sama a falon marigayiya. Zulaihatu ta kasa zama, ta fita baranda tana leƙe. Ga Al'amin can cikin farar jallabiya da ta yi masa yawa, shi kaɗai a bakin rumfa. Mai gadin bene ya ba shi hannu, ya yi masa ta'aziyyar Misrawa, "Al-baƙa'u lillah," ya shiga. Mai burodi ya shiga, mai wanki ya shiga. Su kuwa Hausawa sai suka yi cirko-cirko a ƙetaren lungu, hannuwa a baya, Abdulwahab a cikinsu. Malam Lawali, dattijon da ke shige musu gaba a kowace hidima, ya tako.

"Kai yaro, matsa gefe. Gaisuwar mutuwa muka zo, ba abin kunya ba."

Al'amin bai matsa ba. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya haka a iska.

Zulaihatu ba ta san lokacin da ta sauko ba. Takalminta ma ƙafa ɗaya nata ne, ɗayan na wata. Ta ratsa tsakanin kujeru ta tsaya a gaban Malam Lawali.

"Malam, wasiyyar mamaciya ce. Ko ita ma za ku take?"

"Zulai, ki koma sama," in ji Abdulwahab, murya ƙasa-ƙasa. "Nan wurin maza ne."

"Ba zan koma ba. Na koma sau ɗaya, ranar da ka kore shi, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba." Ta juya ga sauran. Muryarta ta fashe, ba ta damu ba. "Ba zan kira sunan kowa ba, don Hajiya ba ta taɓa kira ba. Amma a cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu ke numfashi yau saboda falon can na sama. Kun sani, na sani. Ita ba ta tambayi laifin ɗan kowa ba kafin ta zuba masa shayi. Haba jama'a! Hannu ne fa kawai."

Sai ta juya ta kama hannun ɗanta da hannayenta biyu.

"Sannu da haƙuri, Al'amin. Allah Ya jiƙan uwarka Hajiya."

Nan yaron ya fashe da kuka, amma bai bar wurin ba.

Malam Lawali ya kaɗa rigarsa ya tafi, da yawa suka bi shi. Wani ɗalibi mai farin gilashi ya tsallako, ya ba da hannu kansa a ƙasa. Sai wani tsoho. Sai samarin Alhamis, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

Zulaihatu ta tsaya a gefen ɗanta, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaga murya yadda za ta kai ƙetaren lungu. "Yau a ɗakinsa zai kwana, a gidan ubansa. Wanda zai hana sai ya haɗa da ni."

Abdulwahab bai shigo ba, bai kuma bi Malam Lawali ba. Ya janyo wata kujera da ta rage a wajen rumfa, ya zauna jikin bango, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mai raba gahawar makoki, baƙa marar sukari, ya zagayo ya miƙa masa ɗan kofi. Ya karɓa. Har inuwar bene ta rufe lungun yana nan zaune, kofin a tafinsa, gahawar ta huce bai kai ta baki ba.