Sunan Ɗiyar Fari

Kujerar roba Malam Jibrin ya aro a maƙwabta, ya dasa ta a gindin darbejiya, ya kafa hular Juma'a ran Asabar. Yau shi ne jami'i mai ɗaukar ma'aikata. Haka matarsa Inna ta yanke, kuma ba a ja da Inna.

Jibi ɗiyarsu Taibatu za ta Talata Mafara ganawar neman aikin malamar gona. Bara ma ta je irinta. Tana shiga ta durƙusa, ta kafe ido a ƙasa yadda aka tarbiyyantar da ita a Kaya, ta yi ta ba siminti amsa. Ilimi fal ciki, amma wa ya ji? Aka ce ta tafi, za a neme ta. Har yau ana nema.

"In ta iya kallon ubanta, babu ƙaton da zai gagare ta," in ji Inna.

To, a nan gizo ke saƙar. Taibatu ɗiyar fari ce, kuma tun ranar da aka raɗa mata suna alkunya ba ta bar Malam Jibrin ya furta shi ba. "Ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita ma ta fi sanin takalmansa a kan fuskarsa.

Ta yi sallama, gwiwoyinta suka nufi ƙasa da kansu.

"A'a, tashi ki zauna," ya ce, yana duban reshen bishiya. "Ke, me ke sa ganyen shinkafa ya yi ɗorawa?"

Ta amsa tiryan-tiryan, idonta a kan yatsun ƙafarta.

Inna ta saki muciya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Jami'i na kallon sama, mai neman aiki na kallon ƙasa. Malam, can ma 'ke' za su ce mata? Kira ta yadda za su kira ta mana."

Ya yi gyaran murya. Ya gyara hular da babu abin da ya same ta. Mutumin da tsawarsa ke tsayar da bijimin huɗa, yau suna ɗaya ya maƙale masa a wuya.

"Taibatu," ya ce a hankali. "Taibatu Jibrin."

Ba ta san lokacin da ta ɗago ba. Ashe gemun nan ya yi fari fat. Ashe akwai tabo a gefen girarsa, kuma idanunsa irin nata ne sak. Tausayinsa da ƙaunarsa suka cika mata ƙirji.

"Na'am, Baba."

"Babu Baba a nan, jami'i ne," ya ce. "Don me za mu ɗauke ki?"

"Don na ga shekarar da tsutsa ta cinye wa mahaifina masara," ta ce, ido cikin ido. "Ya tsaya a bakin gona bai da wanda zai tambaya. Ba na son uban wani ya sake irin tsayuwar nan."

Inna ta koma murhu tana tsine wa hayaƙi, alhali wutar ta mutu. Malam Jibrin ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Ke, mayar wa mutane kujerarsu."

Ran Litinin a Mafara, masinja ya leƙo baranda ya ɗaga murya: "Taibatu Jibrin!"

Ta miƙe, kai a ɗage. Ai ta riga ta ji sunan daga bakin da ya fi kowane nauyi.