Manhajar Itatuwan Kawu Bakoji

Abdulfattah malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Birnin Gwari, kuma in ana zancen fara abu, to a ba shi kambu. Gamawar ce dai Allah bai hore masa ba.

Yayan mahaifiyarsa, Kawu Bakoji, makiyayi ne da ya tsufa a bakin daji wajen Randagi. Babu itace ko ciyawar da bai san sunanta da aikinta ba: wadda ke kwantar da kumburin cikin saniya, wadda ke kawo nono, da wadda in dabba ta ci sai wuƙa. 'Ya'yansa sun watse birane, dajin kuma ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga. Shi ya sa da Abdulfattah ya ce zai rubuta manhajar waya da za ta adana wannan sani da muryar tsohon, Bakoji ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Ranar kasuwa ta farko tsohon ya hau acaɓa ya zo da ganyaye cikin jakar fata. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Abdulfattah ya ajiye waya a tsakiya, ya danna, manhajar ta rufe kanta. Ya sake dannawa, ta sake rufewa. Kawu kuwa har ya gyara murya ya yi bisimilla, ya ɗauko ɓawon maɗaci ya fara bayani. Kunya ta hana Abdulfattah cewa a dakata. Wayar tana da abin ɗaukar murya irin na kowa, amma malam ya raina shi, wai sautin zai taru a hargitse ba tsari. Ya ce a ransa mako mai zuwa zai gyara, sai ya nemi a maimaita.

Makon ya zo, sai aka shiga jarrabawa. Da aka yi hutu sai ya ga ai tun tushe ya yi kuskure, ya rushe komai ya sake da wani yaren kwamfuta da ake yayi. Ya kwashe Asabar uku yana zaɓen launin tambari. Ya kalli bidiyon tsara lokaci har ya iya koyar da shi, ya manna jadawali a bango, kai har wata 'yar manhaja ya soma wadda za ta riƙa tuna masa ya yi aikin waccan. Ita ma tana nan rabi.

Matarsa Huraira ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, wai ba yau ne za ka gaya wa Kawu gaskiya ba?"

"Saura kaɗan," in ji shi, bai ɗago ba.

Wata bakwai ana haka. Duk ranar kasuwa tsohon zai zo, ya sunkuya kusa da wayar kamar mai yi wa kurma magana, ya faɗi suna da Fulatanci, ya faɗa da Hausa, wani lokaci har da na Gwari. Abdulfattah yana gyaɗa kai, hankalinsa na can kan layin manhajar da ya ƙi aiki. Bai ma saurara sosai ba, tunda ai za a maimaita.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidan, an ɗaura mata tabarmi da ƙore. Bakoji ya sauko da sanda. Ya ce an riga an kora shanun kudu tun shekaranjiya, zaman nan ya gagara, kuma a shekarunsa ba ya sa ran dawowa.

Abdulfattah ya matso kusa da shi. Ya laluba aljihu ya ciro wayar, ya ce, "Kawu, ko za mu ɗan zauna, akwai wasu da nake so..."

Direba ya danna hon.

"Babu saura, ɗana," in ji tsohon yana murmushi. "Na juye maka duka, ko ƙwaya ban rage ba. Da ina kwana da damuwar in mutu da shi. Yanzu na sauke, yana hannunka. Allah ya yi maka albarka."

Abdulfattah ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Ya dubi fuskar tsohon, ya ga irin hutun da ke cikinta, sai ya ji bakinsa ya ce, "Amin, Kawu."

Motar ta tashi. Huraira na tsaye a bakin zaure, Abdulfattah kuma ya kasa haɗa ido da ita. Bai taɓa jin ya raina kansa irin na ranar ba.

Ya wuce kwamfutar, ya yago takarda daga littafin wani ɗalibi, ya zauna da biro yana rubuta abin da ya tuna. Maɗaci. Marke. Ya kai bakwai ya tsaya. Na bakwai ɗin wani ɗan ganye ne mai tsini, ya tuna Kawu ya ɗaga shi ya maimaita magana har sau uku. Amma ko magani ne, ko kuwa shi ne wanda ke kashe saniya, wallahi bai sani ba.