Hannun Majken a Majigi

Majken ta yarda a sa ta a fim ɗin ne bisa sharaɗi ɗaya: kada mijinta Torvald ya gane ta. Ylva, matar da ta zo daga Stockholm, babban birnin ƙasar, tana haɗa fim kan mutanen da gwamnati ta hana haihuwa a da, ta yi mata alkawarin za a ɓoye fuskar, a sauya muryar. Ranar da Torvald ya tafi farautar barewa aka yi ɗaukar, a gidan wata ƙawarta.

Majken tana yarinya zazzaɓi ya toshe mata kunne ɗaya. Malami ya yi tambaya ba ta amsa ba, aka ce daƙiƙiya ce, aka kai ta gidan da ake tsare irinsu. Da ta nemi fita, likita ya ce sai an ɗaure mata mahaifa tukuna. Aka ɗaure.

Torvald bai san wannan ba. Shi hangum ya kama shi yana soja, ya sauka masa ƙasa har maraina, don haka da aure ya daɗe ba ciki sai ya ɗora laifin a kansa. Abokan aikinsa a injin katako suna kiransa bindiga ba harsashi, ya yi dariya, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Duk ranar iyaye mata sai ya kawo mata furanni ya ce ta yi haƙuri. Ita kuwa ta karɓa ta sa a ruwa.

Wata Lahadi da rana aka nuna fim ɗin a zauren taron garin. Majken ta ce kanta na ciwo. Torvald ya ce ta tashi, kowa zai je, kuma za a sha kofi kyauta.

Ylva ta cika alkawari. Fuskar baƙar inuwa ce, muryar kamar ta namiji. Amma da mai kyamara ya rasa fuskar da zai ɗauka, sai ya sauka kan hannu. Ga hannun nan ya cika bango, yana tsiyaya ruwan kofi daga kofin shayi zuwa ƙaramin faranti irin shan mutanen da, ya ɗauki ƙwayar sukari, ya raba ta biyu da farce, ya tura rabi gefen hagu na tebur inda babu kowa. A gida, nan ne wurin zaman Torvald.

Bai juyo ya kalle ta ba. Da aka kunna fitilu ya gaisa da mutane, ya riƙe mata rigar sanyi ta zura hannu, suka shiga mota.

Sun wuce coci, sun shiga daji, sannan ya yi magana, a gefen kunnenta mai ji.

"Tsohuwa, shekararki nawa lokacin?"

"Sha shida."

"Wa ya raka ki?"

Ta ce ba kowa. Babarta ba ta samu wanda zai tatse mata shanu ba.

Ta zauna tana jiran ya tambaye ta zancen furannin, da dariyar injin katako, da duk shekarun. Ta ma shirya abin da za ta ce. Bai tambaya ba. Ya gangara gefen titi ya kashe motar, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Ba zan iya tuƙi ba yanzu," in ji shi. "Ki ɗan jira ni."