Ruwan Goma Sha Huɗu

…ashirin da biyu ke nan ga Sha'aban. Ko da uku? Biyu. Ga shi can, rabin wata, rana ta fito amma ya ƙi faɗuwa, ya tsaya saman rijiya. Yau teku a kwance yake. Haka ka ce, maigida: ran bakwai da takwas ga wata, ashirin da biyu da uku, ruwa ya mutu, ko ka yini a gaɓa ba abin da zai taɓa fatsarka. Sai yau ya ga damar kwanciya. Yau!

Ja, Turai, ja igiya. Rijiyar Sule Tankarkar gaba ashirin ce, ba ta san wani wata ba, inda ruwanta yake jiya nan yake yau.

Kande na bayana, igiya ɗaya muke ja. Ina jin numfashinta. Tun jiya take kuka, tun da Cindo mai fataucin goro ya sauka daga jirgin ƙasa a Gagarawa, ya iso ya tsuguna a zaure, bai ko sha ruwa ba — "Teku ya ci mutumin ƙasar Gumel guda a Ikko, ran goma sha huɗu, a kan duwatsun gaɓa. A zangon Agege na ji. Suna dai ban ji ba."

Bai ji ba. Mutanen ƙasar Gumel nawa ne ke kamun kifi a can? Biyu. Kai da Manu, mijin Kande. Ɗaya cikin biyu…

Allah ya sa — a'a. Astagfirullah. Me nake shirin roƙo? Ga matarsa nan, hannunta na gogar nawa.

Bara, gindin bishiyar bedi, bayan la'asar. Ka cika ƙwarya da ruwa kana karkata ta. "Kin ga, haka yake yi, sau biyu a wuni, ya hau ya janye. In yana hawa kifi ke biyo shi gaɓa. In wata ya tsaya, ko ya cika, hawan ya fi na kullum, kifi har ka rasa inda za ka zuba." Na yi dariya har da riƙe ciki. Ruwa ya bi wata? Ka je cin rani ka koyo ƙaryar bakin ruwa! Ka ce to, ki ƙirga. Na kuwa ƙirga. Da ban ƙirga ba… Wa ya aike ni? Matan gari na duban wata don azumi da salla, ni ina dubansa don kifin Ikko.

Gugan ya yi nauyi. Ko hannuna ne?

Kwandon bara ne ya ja mini. Busasshen kifi har baki, unguwa duka ta ɗanɗana, miyar kukata har ƙofar gari ake jin ƙamshinta. Goggonka ta ce ba ta taɓa shan irinta ba. Na ji daɗi, ƙarya zan yi? Na cika baki, na ce azumin bana kowa ya kawo kwanonsa.

Sai Cindo zai tafi kudu, ya ce ko da saƙo. Ya ce ya ji kana shirin tahowa farkon wata, bana abin bai yi auki ba. Ni kuwa, malamar wata, na lanƙwasa yatsu: "Ka ce masa kada ya taho ruwa a mace. Ya jira goma sha huɗu, ya cika kwando." Da bakina. Wannan bakin.

Jiya Cindo bai dube ni ba da ya faɗa. "Ran bakwai na same shi, maigidanki Ilu har ya ɗaure kaya. Da na ba shi saƙon ya yi murmushi, ya ce ashe ta iya. Ya kwance."

Ya kwance…

Amma kai gwani ne. Ko ba haka ba? Shekara shida. Ka san dutsen da ke da santsi, ka san kada a juya wa ruwa baya in yana hawa, kai ka gaya mini. Wataƙila kana shanya kifi. Kifi na son kwana huɗu, biyar. Jirgi kwana biyu zuwa Kano, ɗaya zuwa Gagarawa. Goma sha biyar da biyar, ashirin, da uku… gobe ke nan. Gobe. Ko jirgi ya ɓaci. Jirgi na ɓaci, ai ƙarfe ne.

Tsoro nake ji, maigida.

Kande ba ta san komai ba. Ba ta san hawa ba, ba ta san janyewa ba, a wurinta teku rijiya ce babba marar baki, kowace rana ɗaya ce. Manu bai taɓa karkata mata ƙwarya ba. Manu ma ina ya —

Kada ki tuna. Ja igiya.

Gindin bedi. Ƙwaryar ta zube, kana dariya, kana share gemu. "Manu? Manu ai in wata ya kai goma sha biyu sai ya naɗe fatsa ya koma dako a kasuwa. Duk gaɓar an san shi. Babban ruwa ko leƙensa ba ya yi."

Ko leƙensa ba ya yi.

Guga ya iso baki. Kande ta kama, tana juyewa a tuluna kafin nata, ido a kumbure. "Yaya Turai, jikina na ba ni nawa ne."

Kalma uku za su share mata hawaye. Ba naki ba… Suna nan a bakina, ni kaɗai a garin nan na san lissafin. In na faɗa ta yi barci yau. In na faɗa, na faɗa ke nan.

Tulu ya cika, ruwa na zuba a ƙafata. Tana jira. Na buɗe baki —