Fuskar Direba a Bangon Tasha

Shekara goma sha tara ina zana kawuna a allunan masu aski, ba wanda ya taɓa cewa wani kai ya yi kama da wani ɗan Adam. Sai a aikin da bai kamata ba hannuna ya tashi nuna gwaninta.

Wata ƙungiya ce ta ba ni bangon tasha. Shugabarsu, mace mai yawo da fayil a hammata, ta ce labari suke so cikin zane, gida shida, irin na bayan jarida, a kan mutanen da ba su da wurin kwana. Wai jama'a sun ɗauka duk mai kwana a waje mahaukaci ne ko ɗan shaye-shaye. Na gyaɗa kai kawai, don ni ma haka na ɗauka.

Ta haɗa ni da wani dattijo da kowa ke kira Direba. Shekara talatin yana jan babbar mota, da ido ya fara yi masa hazo kamfani ya karɓe makullin mota, bayan sati biyu ya karɓe na ɗaki. Yanzu a bayan bangon nan yake kwana, ƙarƙashin matakalar wani tsohon ofis. Rigarsa ta fi tawa tsabta, abin da ya ɗan ɓata mini rai.

Kwana huɗu ina fenti, shi yana riƙe mini tsani yana ba ni labari. A gida na farko ga shi a kan sitiyari, a na uku yana miƙa makulli, a na biyar yana shimfiɗa kwali. Bai ga ko ɗaya ba, idonsa ba ya kaiwa can sama. Ran na biyar mai shayin tasha ya tsaya da buta a hannu ya ɗaga kai.

"Kai! Direba, ai kai ne wannan! Har wushiryar!"

Direba ya ce in sauko. Ya hau tsanin da kansa, ya kai hancinsa dab da bango, ya daɗe yana duba, sannan ya sauko a hankali.

"Ƙanena, ni na ɗauka ɗan mutum-mutumi za ka yi, mai ƙaton kai."

"Baba, ai ya yi kyau."

"Shi ne matsalar. 'Yata ta nan take bi a bas kullum in za ta aiki. Ita dai ta san ina da ɗaki a gidan wani abokina."

Na ce to me zai hana ya koma wurinta. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In je in zauna a tsakar gidan suruki ina jiran a miƙo mini kwano? Ni?"

Kunya ta kama ni sosai, don tun da mai shayi ya yi magana nake jin kaina ya yi girma. Washegari da sassafe na sa wa fuskar gemu, na toshe wushirya, na faɗaɗa hanci a duk gidajen shida. Shugaba ta zo ta ce yanzu bai yi kama da kowa ba. Na ce mata ai wannan ita ce ainihin sana'ata.

Wajen azahar muka ji wata mata tana gaida mai shayi. Direba ya saki tsani ina kai, ya zagaya bayan bango da saurin da ban san yana da shi ba. Matar ta ƙaraso, sanye da farar rigar aikin asibiti.

"Malam, wa ya sa ka ɓata fuskar babana?"

"Wane baba? Wannan ai ba kowa ba ne."

"Tun shekaranjiya na gan shi ta tagar bas. Sai da na wuce inda zan sauka ina kuka." Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin wata. "Wata takwas ina cewa ya kai ni gidan abokin nan, kullum sai ya ce ana gyara."

Na shiga juya burushi a gwangwani. A ƙasan bangon akwai wata kafa da ruwa ke bi, ta nan ake hango silifas guda biyu da ƙafafu a ciki. Ta kalle su, ta ɗauke kai, ta ɗaga murya.

"In ka ga mai fuskar, ka ce masa akwai ɗaki a gidanmu da maigidana ke ajiye kayan shago. Muna neman mai kwana a ciki saboda ɓarayi. Aiki ne, ba taimako ba. In ba ya so, sai mu nemi wani."

Mai shayi ya daina juya cokali. Can sai aka yi gyaran murya a bayan bango.

"Mai zane."

"Na'am, Baba."

"Tambaye ta, yaushe ake son mutum ya fara?"

Ta rufe baki da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta sauke hannun.

"Ka ce masa yau."