Gurbin Adadin Shanu

Bahijja ta sake miƙa wa Baffa Daudu wayar, ya sake kau da kai.

Tun hantsi take ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwar Gwiwa, ba makiyayin da ya yi rajista. Ciwon huhu ya ɓulla a rugagen Roni, motar rigakafi kuma da la'asar za ta tashi. Garken da ba ya cikin shafin rajistar ba zai samu allura ba.

Ita ta yi shafin. Bayani kawai ta rubuta wa manhajar da ke cikin wayarta: sunan mai garke, ruga, adadin shanu. Kafin ta kurɓi ruwa shafi ya fito, tsaf da gurabensa.

"Baffa, lamba ɗaya ce fa! Shanu na mutuwa, ku kuna zaune kuna jan carbi!"

"'Yar boko," ya ce a hankali, "a gidanmu kin taɓa jin an faɗi yawan shanu? Baki ake ja musu."

"Camfi ne!"

"To. Ki bar mu da camfinmu."

Ta zauna a kan saiwa, ranta na tafasa. Wata mai tallar nono ta wuce, ƙamshin ƙwarya ya bugo ta. Sai ta tuna Inno, kakarta mai rasuwa, da asuba a bakin garke, da ita a goye. Inno ba ta ƙirga. Kira take, kowace saniya da sunanta, da sunan uwarta, har ta san wadda ba ta amsa ba.

Bahijja ta goge bayanin ta rubuta sabo: a cire adadi. A tambayi sunan saniya, launinta da uwarta. In an gama ɗaya, a buɗe gurbin wata.

Shafin ya sauya kama.

"Baffa, ban da lamba. Wa ke jan gaba a garkenka?"

Ya dube ta, ya gyara sandarsa. "Ɗinya. Baƙa ce, 'yar Mai-Tozo."

Makiyaya suka fara matsowa. Yana faɗa tana rubutawa, har ya zo kan wata ja, ya tsaya.

"Wannan jikar karsanar da Inno ta ba ki ce ran sunanki. Shekara tara ba ki leƙo ta ba."

Yatsanta ya tsaya a kan gilashin wayar.

"Baffa, ya sunanta?"

"Ki zo ruga ki tambaye ta. Rubuta ja, mu ci gaba, rana na yi."