Parshok ɗin Jar Mota

Ni ne Labaran, bakanike a unguwar Gema ta Paraku, ƙasar Benin, kuma ni na ɗaura wa jar motar Alhaji Jatau parshok ɗin fibir da hannuna. Aikin ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Amma har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Motar 'yar ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi, irin ta tsere. Wani Bature ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya sayar wa Alhaji ita lokacin da aka ba ƙasa 'yancin kai, yana haɗa kayansa zai koma gida. Mutane suka yi ta dariya, wai me dillalin shanu zai yi da motar da ko ɗan akuya ba ta ɗauka. Alhaji bai kula su ba. Ranar Juma'a yakan naɗa rawani ya shige ta, ƙarafan nan biyu na gaba da baya, waɗanda muke kira parshok, suna ɗaukar ido tun daga nesa. A gidansa na tashi, shi ya kai ni koyon aiki, saboda haka ba wanda ya taɓa sa wa motar nan sifana sai ni.

'Ya'yansa maza biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Usuman shi ne babba, yana Paraku kan harkar shanu. Ashafa ƙarami, sa'ana ne, yana Jugu a tsohon gidan kakanninsu yana cinikin goro. A can Jugu ajali ya riski Alhaji, ya je ziyara da motar. Aka raba gado lafiya lau, mota ta faɗo wa Usuman, ba wanda ya ce uffan. Inda abin ya lalace, Usuman ya dawo Paraku tun ba a share makoki ba, wai kasuwa na jiransa, sannan ya aiki wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya je ya tuƙo masa motar. Bai koma da ƙafarsa ya ce wa ƙanensa sannu da haƙuri ba, alhali Ashafa ne ya yi jinyar tsohon, shi ya rufe masa ido.

Motar ta iso Paraku tsirara, ba parshok gaba, babu baya. Direban ya ce Ashafa ne ya kwance su, ya ce a gaya wa Yaya ajiyarsa tana nan.

To, duk wanda ya tashi a gidan fatake irin namu ya san fassarar wannan. Baƙon da ya sauka gidanka, in zai tafi ba ya kwashe kayansa kaf. Yakan bar buta, ko buzu, ko sanda, alamar zai dawo. Ran da ya tattare komai har tsinke, zama ya ƙare tsakaninku. Kuma ƙane ba ya aika wa wansa ya ce zo. Hannunka mai sanda Ashafa ya yi: ga kayanka a gidana, taho. Usuman ya gane sarai, shi ma a gidan ya tashi. Amma ya zaga gari yana cewa ƙanensa ya yi masa sata.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Salla ta zo ta wuce ba gaisuwa, aka yi haihuwa nan, aka yi can, kowa sai dai ya ji a bakin direbobi. Motar tana rumfa an lulluɓe ta da tamfol, don Usuman ba ya iya fita da ita haka, kunya yake ji. Ni nake zuwa in tayar da injin kada ya kwanta. In aiki ya kai ni Jugu, Ashafa ya tare ni da goro ya ce, "Yaya yana lafiya? Motar tana tashi?" Iyakar tambayarsa ke nan kullum, kuma ba ya ƙara ko kalma. Shi ma taurin kan ne da shi, kada ka ɗauka waliyyi ne.

Na gaya wa Usuman ya fi a ƙirga. Na ce, "Yaya, zumunta a ƙafa take. Jugu ba Makka ba ce, ka tashi da safe ka ci abincin rana can."

Ya ce, "Babba ne zai je wa ƙarami?"

Na ce, "Babba juji ne."

Ya ce, "To ni ba juji ba ne. Je ka gyara motocinka."

Shekarar da aka sauya wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin, Usuman ya kai shanu Kwatano, ya dawo da wani dogon kwali a bayan kamiyo. Ya aiko aka kira ni. Ya yage kwalin yana murmushi, ga parshok biyu, fari fat, siffarsu sak irin ta motar. Ya ce wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan tsofaffin motocin Turawa ne ya sa aka aiko masa da su daga waje. Na sa hannu biyu zan ɗaga, na kusa faɗuwa baya, don abin ba nauyi. Ya ce sunansa fibir, ba ƙarfe ba ne, ba ya tsatsa.

Na ce, "Ba zan ɗaura ba."

Ya ce, "Don me?"

Na ce, "Ka san don me. Naka suna Jugu."

Ya ce ba shi da komai a Jugu. Ya ce in na ƙi, gobe zai sa a tura motar garejin wani, garin nan ba ni kaɗai ne mai sifana ba. Nan ya kama ni. Na tuna masu aikin guduma na bakin tasha, na ga motar Alhaji a hannunsu, na ce ya bari, zan yi.

Abin nan ya ba ni wuya kamar ya san ba na sonsa. Ƙarfe in ya ƙi zama ka ɗumama shi ka buga, ya lanƙwasa ya bi ka. Fibir ba ya jin walda, ba ya jin guduma, ka matsa masa ya tsage. Na gwada na gaba, hujojinsa suka ƙi haɗuwa da na motar, na hagu ya kauce da kamar faɗin babban yatsa. Sai da na yanko ƙarfe na ƙera sababbin maƙalai, na huda fibir ɗin a hankali da abin huji na hannu, ina yi ina tsayawa ina saurare kada in ji ƙas. Garinsa fari ya bi mini hannuwa da wuya, ƙaiƙayi kamar na sussukar gero, na yi wanka da sabulun salo bai bar ni ba. Na yanka tsohon tib ɗin taya na sa roba tsakanin kowane noti da jikin abin, na ɗaure da yatsa tukuna, sannan na ƙara da sifana kaɗan kaɗan. Na baya kuma gefensa yana gogar jikin motar, na zauna da zarto ina rage shi. Daga ƙarshe na fesa musu fenti ruwan azurfa.

Usuman ya zo ya tsaya nesa, ya ce wallahi ba ka bambancewa. Gaskiya ya faɗa, daga nesa ba ka bambancewa. In ka matso ka ƙwanƙwasa ne za ka ji amon ƙwarya.

Ya ce, "Juma'a za mu Jugu. Ka shirya, kai za ka zauna gefena ko za ta ba da matsala."

Na ce, "Yin me?"

Ya ce, "Ya gani da idonsa. Ya riƙe ƙarafansa ya dafa ya ci."

Na roƙe shi. Na ce in ba zai je don Allah ba, ya zauna gidansa, a bar kaza cikin gashinta. Ya ce in ba ni zuwa ya tafi shi kaɗai. Girman kai rawanin tsiya, na faɗa masa a fuska, ya yi dariya ya ba ni goro.

Abin da mu biyun ba mu lissafa ba shi ne bakin direbobi. Usuman ya sha mai a tasha ya ce Juma'a zai Jugu da jar mota, kafin kwana ya zagayo labari ya isa can. Ba wanda ya ambaci parshok, wa yake duban wannan? Abin da Ashafa ya ji kawai shi ne Yaya yana tafe, da ƙafarsa, cikin motar Baba.

Muka bi jar hanyar nan, ruwan ƙarshen damina ya cinye gefenta, muka haye gadar Beteru, ina ta kasa kunne ko zan ji fibir ya tsage. Ina ma ya tsage. Bai ko motsa ba, na ɗaure shi da kyau.

Bayan an sauko daga masallaci muka shiga unguwar. Tun daga kan kwana na ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. An shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa suna zaune, fatar rago tana shanye a kan katanga, ƙamshin shinkafa da man shanu ya cika layi. Na dubi Usuman, na ga murmushin da ya taho da shi tun daga Paraku ya fara daskarewa. A cikin zaure, jingine da bango, ga parshok ɗin Alhaji guda biyu suna walƙiya, ba ɗigon tsatsa. Gefensu an ajiye notunansu cikin kwanon sha, da tabarma ƙarama, inda ake sa ran zan zauna in ɗaura su a gaban jama'a.

Ashafa ya fito da sabuwar riga, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya durƙusa a gefen motar tun Usuman bai buɗe ƙofa ba. "Yaya, sannu da zuwa. Sannu da hanya, Yaya." Idonsa ya kawo ruwa, yana dariya. Ya miƙe zai zagayo ya gaishe ni, sai ya bi ta gaban motar.

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya shafa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya zaga baya ya duba na can.

Ya ce, "Labaran, aikinka ne?"

Na ce, "Aikina ne."

Ya ce, "Ya yi kyau."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Usuman ya buɗe baki, maganar da ya yi ta haddacewa a hanya ta zo masa, ya ce, "Ka gani ko, ai..." Nan ta mutu. Ya dubi fatar ragon, ya dubi zaure, ya haɗiye sauran.

Ashafa bai rage komai na karamci ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya kawo ruwa da hannunsa, ya kawo abinci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, irin tambayar da ake wa baƙon da ba a sani ba. Dattawa suka ci loma bibbiyu suka fara zamewa, kowa da uzurinsa. Ni haushin wan da ƙanen nake ji, da na kaina da na iya aiki.

Da aka kira la'asar muka yi salla a zauren. Da muka sallame, Ashafa ya ce, "Yaya, hanya ba kyau, gara ku kama ta da rana. Ga ajiyarka." Ya ɗauki ƙarafan da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ba su shiga bayan motar, sai ya ce in zauna, ya ɗora mini su a cinya, kawunansu suna kallon sama. Hannuna ya yi santsi da man kaɗe. Ashe da shi Ashafa yake shafe su duk shekarun nan. Notunan ya ƙulle su a hankici ya sa mini aljihu.

Usuman ya ce bari ya ɗauko takalmansa a zaure. Daga inda nake zaune na hango shi ya zaro carbinsa, ya waiga, ya tura shi ƙarƙashin gefen buzu. Ya fito ya ga na gani. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ashe akwai sauran hankali a kan nan. Ya bar ajiya. Zai dawo ya nema, ko da wata mai zuwa ne.

Muka wuce kasuwa, muka wuce gidajen ƙarshe. Mun fara shiga gonakin doya sai na ji kukan ƙaramin babur ɗin nan, mobilet, a bayanmu. Usuman ya dubi madubi, ya ce, "Ashafa ne." Muryarsa ta koma irin ta da, lokacin muna yara. Ya taka birki, ya fito, ya tsaya tsakiyar hanya yana gyara hula.

Ashafa ya iso bai kashe injin ba, ƙafa ɗaya ya sa ƙasa. Ya miƙo hannu, carbin na lilo.

Ya ce, "Yaya, ka yi mantuwa."

Usuman ya mai da hannuwansa baya. Ya ce, "Ban yi mantuwa ba, Ashafa."

Ya ce, "Ka yi."

Ya matso da mobilet ɗin, ya ajiye carbin a kan murfin injin mota, a hankali don kada ya karce fenti. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya juya ya koma Jugu, bai waiwayo ba. Wannan ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu, in da an yi wata da na sani.

Usuman ya daɗe tsaye kafin ya ɗauki carbin ya shigo. Ya kai hannu ga makulli, ya kasa murɗawa. Ni kuma ba halin in karɓi tuƙi, ƙarfe ya danne mini cinya. Muka zauna nan har wani mai kamiyo ya zo ta baya ya danna mana oda mu ba shi hanya.